Abincin Yini: Yadda Ubangiji Ya Riƙe Ni Bayan Gobarar Kasuwar Sabon Gari

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni 'yar kasuwa ce a birnin Kano, matar aure, uwar 'ya'ya, kuma 'yar Zumuntar Mata a wata majami'ar ECWA da ake yin sujada da Hausa. Na daɗe ina jinkirin ba da wannan shaida, domin yawancin shaidun da nake jin ana yi musu tafi a majami'a suna ƙarewa ne da mota, ko gida, ko aikin da aka daɗe ana nema, tawa kuwa ba ta ƙare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da nake so in faɗa shi ne yadda Allah ya kwantar mini da rai tun bashi yana wuyana, da irin addu'ar da ya koya mini a lokacin, wadda har yau da ita nake tashi.

Iyayena mutanen wani ƙauye ne a yankin Sumaila, Hausawa gaba da baya, daga cikin waɗanda ake kira Maguzawa kafin bishara ta iso su. Mahaifina ya koyi karatu ne don kawai ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, tsohuwar fassarar nan da aka fara bugawa cikakkiya a 1932, kuma da ita ya rene mu. Aure ya kawo ni Kano, muka zauna a Badawa. Maigidana malamin firamare ne, ni kuma na fara da kai atamfa gida-gida, har Allah ya buɗa na kama shago a kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta a takarda Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Kayana daga Kantin Kwari nake saro su, a wurin wani Alhaji da muka daɗe muna hulɗa: in biya wani kaso, a rubuta saura a littafi, in na sayar in kawo. Haka cinikin yadi yake tafiya a Kano, amana ce jarin mafi yawanmu, kuma wanda ya zubar da ita ko da kuɗi a hannunsa ya gama kasuwa.

Duk wanda ya zauna a garin nan daga 2012 ya san irin shekarun da muka ratsa. Ranar Juma'a 20 ga Janairu na shekarar nan aka kai hare-haren da suka ci rayuka fiye da 180, aka sa dokar hana fita, sannan ranar 18 ga Maris 2013 bom ya tashi a tashar motoci ta New Road, cikin Sabon Gari. Aka koma binciken mutane a ƙofar majami'a, aka hana mu shiga da manyan jakunkuna, samarinmu suna tsaye a waje suna gadi har a tashi. Da yawa sun kwashe iyalansu sun bar gari, mu kuwa Kano ce gida, babu inda za mu. Na yi addu'a ƙwarai a shekarun nan, har na ɗauka bangaskiyata ta gama shan gwaji. Sai daga baya na gane cewa tsoron bom tsoro ne na kowa da kowa, Musulmi da Kirista, kuna jinsa tare, kuna yi wa juna barka da arziki tare. Damuwar bashi kuwa ke kaɗai kike kwana da ita, ga ta da kunya, ko da yake Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Gobarar ta tashi ne a daren Juma'a Mai Kyau, wayewar Asabar 26 ga Maris 2016, makonni kaɗan bayan wadda aka yi a kasuwar Singa. A makon nan na gama sayar da kayan Ista, na haɗa cinikin gaba ɗaya da adashin da na ɗauka na kai Kwari, na ƙaro kaya masu yawa a kan bashi saboda bukukuwan aure da ke biyo bayan Ista, har na karɓi kuɗin kafin alƙalami na anko daga hannun mata. Shagon bai taɓa cika irin na ranar ba. Cikin dare wata maƙwabciyata a kasuwa ta kira ni tana kuka, maganarta ba ta fita sosai, abin da na iya ji kawai shi ne wuta. Maigidana ya hana ni fita sai da gari ya waye, kuma tun daga nesa muka hango hayaƙi ya tokare sama.

Dubban shaguna suka ƙone. Sa'ad da aka bari muka shiga layinmu, na tarar da ƙofar ƙarfen shagona ta lanƙwashe ta buɗe daga gefe, kwaɗon kuwa yana nan a kulle yadda na bar shi, makullin yana hannuna. Turamen atamfa suna jere a inda na shirya su, bayansu ya yi baƙi ƙirin, amma da na ɗaga na sama sai na ga zanen furannin a ninkin ciki, ja da ruwan ɗorawa, kamar ba abin da ya same shi. Na sa hannu in zaro, ya marmashe ya bi ruwan da 'yan kwana-kwana suka zuba. A gefena wani dattijo yana ta maimaita salati, can gaba wani ɗan kasuwa Ibo ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Ni ko hawaye ban yi ba a wurin.

Kashegari Lahadin Ista ce, na tafi sujada domin yara. Mata sun sha ado, kuma da na duba sai na ga atamfofin shagona a jikin mutane, layi bayan layi, wasu an biya, wasu ba a gama biya ba. Abin da ya rage mini a duniya na kasuwa ke nan, kuma yana ɗaure a ƙugun wasu. Mawaƙa suna ta raira waƙoƙin tashin Almasihu daga matattu, ana buga tulu da kacau-kacau, bakina kuwa ya ƙi buɗewa. Ban daina gaskata cewa ya tashi ba. Abin da na kasa shi ne haɗa tashinsa da tokar da na baro jiya.

An yi mini jaje sosai, kuma ina godiya har gobe. Maƙwabtana Musulmi da 'yan'uwa a ikkilisiya suka yi ta shigowa da “Allah ya mayar da alheri” da “Allah ya kiyaye gaba,” wasu da kwanon abinci, wasu da ɗan abin da suka ƙulla a gefen zane. Amma akwai maganganu iri biyu da suka ƙara mini ciwo, kuma zan faɗe su domin kada a ƙara faɗa wa wani. Wata ta ja ni gefe ta ce in binciki kaina ko ina fitar da zakkata daidai, domin Allah ba ya barin wuta ta ci kayan mai aminci. Wata kuma ta ce in nemo rance in kai wani taro in shuka iri, kafin wata ya ƙare za a ninka mini. Ta farko ta yi mini irin ta'aziyyar abokan Ayuba, waɗanda Allah da kansa ya tsauta musu a ƙarshen littafin. Ta biyu kuwa tana so in ƙara bashi a kan bashi da sunan bangaskiya. A ganina duk wanda ya mai da addu'a ciniki, a ba Allah kaza ya biya da kaza, bai taɓa tsayawa a gaban shagon da ya ƙone ba.

Bayan 'yan jaje sun ɗauke ƙafa ne abin ya sauko mini sosai. Watan Afrilu ne, zafin Kano ya kai inda ya kai, ba wutar lantarki, muna kwana a tsakar gida, kowa ya yi barci ya bar ni ina lissafi: na Alhaji, na uwar adashi, na matan anko, kuɗin makarantar yara, kuɗin haya. In na kai ƙarshe sai in sake daga farko, sai ka ce jimlar za ta ragu. Wayata in ta yi ƙara gabana ya faɗi, har na koma kashe ta. Nakan durƙusa in yi addu'a, in ce “Ya Uba,” daga nan sai lissafin ya karɓe bakin, in tashi ban faɗi komai ba.

A cikin wannan hali wata tsohuwa daga Zumuntarmu ta zo, gwauruwa ce da ta rene 'ya'yanta da tuyar ƙosai, kowa Mama yake ce mata. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta fara da tambayar ko na ci abinci. Sannan ta ce, “'Yata, kina addu'a kuwa?”

Na ce, “Mama, ba ta fitowa.”

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce idonta ya yi rauni, in ɗauko Littafi in karanta mata Zabura ta 13. Na karanta, inda Dawuda yake tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi, har yaushe zai ɓoye masa fuska, har sau huɗu yana maimaita tambayar. Kafin in kai ƙarshe kukan da ban yi a kasuwa ba ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, “To, kin ga kin yi addu'a. Wanda ya rubuta wannan bai ji nauyin tambayar ba, Allah kuma bai goge ta daga littafinsa ba. In bakinki ya ƙi, ki ari bakin Dawuda.”

Sai ta tambaye ni nawa nake bukata. Na fara jero mata bashin, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, “Ban tambaye ki na shekara ba. Yau, kafin rana ta faɗi, me gidan nan yake bukata?” Na yi tunani na ce cefane, da kuɗin ruwa na mai kura, da kuɗin motar yara na gobe. Ta ce, “Shi za mu roƙa.” Ta kama hannuna ta yi addu'a gajeriya, ta ambaci abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har da gishiri, ta rufe da addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa. Tun ina yarinya nake haddace da addu'ar nan, amma ranar ce na lura cewa abincin yini aka ce mu roƙa, kuma a sura ta 6 ta Matiyu, inda addu'ar take, a nan ne Yesu ya ce kada mu damu da gobe, wahalar kowace rana ta ishe ta. Mama ta tuna mini da manna a jeji, yadda aka umarci Isra'ilawa su tara na rana ɗaya, wanda ya ɓoye na gobe kuwa ya wayi gari ya tarar ya yi tsutsa.

Daga nan na sa wa kaina ƙa'ida. Akwai masallaci a bayan gidanmu, kuma tun da ba barci nake yi ba, sai na mai da kiran sallar asuba agogona: maƙwabtana su tashi zuwa tasu ibadar, ni ma in tashi zuwa tawa. Nakan karanta Zabura ɗaya da murya, ko raina yana so ko ba ya so, sannan in faɗa wa Ubangiji abin da ke gabana a yinin nan kaɗai, in gode masa saboda abin da ya shigo jiya, komai ƙanƙantarsa. Lissafin dare bai gudu nan take ba, amma ya sami abokin gaba. In ya taso nakan ce masa an riga an kai maganar yau inda ya kamata, ta gobe kuma sai da asuba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shawarar da maigidana ya kawo a addu'ar iyali ta dare, cewa mu riƙa ambaton waɗanda suke bina bashi da sunansu muna roƙa musu albarka. Da fari na ji abin banbaraƙwai, domin sunayen nan su ne suke hana ni barci. Amma mutum ba ya iya yi wa wani addu'a kullum kuma ya ci gaba da ɓuya masa. Ina cikin haka na karanta labarin gwauruwar nan a 2 Sarakuna sura 4, wadda mai bin mijinta bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Elisha ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce sai ɗan mai a kwalba. Da man ya yalwata kuwa, umarnin da ya ba ta shi ne ta je ta sayar, ta biya bashinta, ta rayu da saura. Ko a inda aka yi mu'ujiza ba a ce bashin ya ɓace ba, sai da ta fita ta yi ciniki ta biya. Na kunna wayata, na bi matan anko ɗaya-ɗaya na gaya musu gaskiya, na je wurin uwar adashi, sannan na ɗaura niyyar Kwari.

Na tarar da Alhaji a kan benci a ƙofar shagonsa, yara suna sauke diloli. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, na zo ne ba da kuɗi ba. Kayanka sun ƙone a hannuna, ban kuwa manta da ko turmi ɗaya ba.” Ya yi shiru, ya sa aka miƙo littafin, ya buɗe shafina ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, “Madam, wutar nan ba ke kika kunna ta ba, ƙaddara ce. Yafewa ba zan iya ba, domin ni ma na wasu ne a kaina. Amma wanda ya kawo kansa da ƙafarsa ba a matsa masa. Ki riƙa kawo abin da ya samu.” Ya kira yaronsa ya ce a zaɓo mini turame kaɗan masu tafiya, ya buɗe sabon shafi ya rubuta su. Da safiyar nan na roƙi Ubangiji ƙarfin halin zuwa kawai, ban roƙi jari ba, kuma ban yi tsammanin ta hannun da nake tsoro zai ba ni ba.

Haka na koma inda na faro, da jakar bakko a cikin adaidaita sahu, tun da an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013. Ina bin makarantu da ofisoshi da gidajen biki, ina jiran ƙarshen wata a biya ni. Wadda ta saba zama a shago ana zuwa wurinta, yau ita ce take sallama a ƙofar mutane, wannan ma wani gwaji ne, kuma akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwata da fara'ar da. Duk abin da ya shigo nakan raba shi: na Alhaji, na matan anko, na adashi, na gida, na baiko.

A tsakiyar wannan zirga-zirga ne, bashin ko rabi bai kai ba, na lura cewa ina barci. Ba wani abu da ya sauya a littafin Alhaji da zai sa haka. Na koma Filibiyawa 4:6-7, ayoyin da na sha ji ana karantawa, na duba su da idon mai bashi. Bulus ya ce kada mu damu da komai, sai dai mu sanar da Allah bukatunmu ta wurin addu'a da roƙo tare da godiya. Abin da ya yi alkawari a aya ta gaba kuwa shi ne salamar Allah, wadda ta fi gaban ganewar mutum, za ta tsare zukatanmu da tunaninmu cikin Almasihu Yesu. Bai ce a wurin nan za a ba mu duk abin da muka roƙa ba, kuma shi kansa yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wasiƙar. Salamar da na samu ta yi kama da ruwan randa a watan Afrilu: zafin gari yana nan yadda yake, amma abin da ke ciki da sanyinsa. Akwai ranakun da ta yi ƙasa, musamman in wani ya ci kayana ya ƙi biya, ko aka koro yaro saboda kuɗin makaranta; a irin ranakun nan addu'ata ba ta wuce ta mahaifin yaron nan a Markus sura 9, wanda ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa.

Bari in ƙara wata magana a nan saboda 'yan'uwana mata. Damuwar watannin farko ta bar mini hawan jini, likita ya ɗora ni a kan magani, kuma ina shansa kullum bayan addu'ar asuba. An sha gaya mini cewa mai bangaskiya ba ta dogara da ƙwaya. Ni dai na san 'yan mishan da suka kawo wa iyayenmu bishara su ne kuma suka gina asibitoci, ga asibitin ido na ECWA nan a Kano shaida, Musulmi da Kirista suna cika shi daga ko'ina. Wadda take da hawan jini ta sha maganinta, ta yi addu'arta, ta kuma gaya wa wata 'yar'uwa abin da ke cin ta.

Sai da aka ɗauki shekaru kafin Alhaji ya ja layi a kan tsohon shafin nan, ya ce mini, “Madam, mun rabu lafiya, Allah ya yi albarka.” Ƙa'idar asuba kuwa ta ci gaba da yi mini aiki a abubuwan da suka biyo baya. Lokacin kullen korona a watan Afrilu na 2020, da aka rufe kasuwanni da majami'u, a ɗaki muka riƙa sujada da yara, roƙonmu bai wuce abincin yini ba, kuma ba mu kwana da yunwa ba, ko da yake akwai ranar da garin kwaki ne ya raba gardama. Haka a farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya, mai saye yana da kuɗi a banki amma ba ya iya ba ka, haka kuma bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar, da kuɗin adaidaita ya ninka, atamfa ta zama abin da mutane suke saya sai dole. Mama ba ta ga waɗannan na ƙarshe ba, ta riga mu gidan gaskiya. Ni ce yanzu nake zuwa gidan wadda asara ta same ta, kuma nakan jira sai 'yan jaje sun ragu, in fara da tambayar ko ta ci abinci.

Ban koma matsayina na da ba. Rabin shago nake da shi yanzu, muna raba haya da wata mai sayar da mayafai, kayana kuma ba su kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka ƙone ba. Babban ɗanmu ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, yana gida ba aiki, kuma na ga alamun irin lissafin daren nan a fuskarsa. Na gaya masa abin da Mama ta gaya mini, ya saurara cikin ladabi, amma ban tabbata ya shige shi ba tukuna. Shi ne abin da nake kai wa Ubangiji da asuba a kwanakin nan, ina kuma roƙon duk wanda ya karanta wannan shaida ya sa shi a addu'a, shi da sauran samarinmu da suke zaune da takardu a hannu.